Hantar Kanti

A gidan nan na unguwar Bin Omran a Doha da aka yanka aka zuba iyali huɗu, babu wanda ake yabo kamar Suraj. Injiniya ne a wani kamfanin gine-gine a Lusail, yana da mota, yana da mata da 'ya, kuma ya kawo mahaifiyarsa Doha ta huta. Wannan na ƙarshen shi aka fi faɗa da ƙarfi. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci, maza kan nuna shi ga 'ya'yansu. Babu wanda ya taɓa hawa matakala ya tambayi tsohuwar ko ta ce ta gaji.

Inna Safura ta zo ne don wankan jegon surukarta Na'ima, da niyyar komawa ƙauyensu a ƙasar Ningi kafin ruwan shuka. Ana cikin wankan korona ta rufe filayen jirgi. Wannan ba laifin kowa ba ne, ita ma ba ta ɗora wa kowa ba. Ta dai bar jakarta a ɗaure a bayan ƙofa.

A kwanakin kullen ne Suraj ya fara nuna mata bindigar. Ya durƙusa a gefen tabarmarta, don ba ta zama a kujerar falo, ya miƙa mata waya.

"Inna, dubi wannan."

Doguwar bindiga ce kwance a kan bargo. Wani dillali a Jos ya turo hoton. Ta hannu ce, daga Turai aka shigo da ita, ta sha hannun masu ita kafin ta iso. Suraj ya danna bidiyo. Hannun dillalin ya ɗaga wani ɗan ƙarfe a gefenta, ya ja shi baya kamar mai zare sakatar ƙofa, ya mayar, ta ce ƙas-ƙas.

"Mai sakata ke nan," in ji Suraj. "Ba ɗura albarushi da sanda, ba fargabar ta fashe wa mutum a fuska. Adakar Baba a gefen wannan ai itacen girki ce."

"Allah ya sa albarka, Baban Fatsuma."

"Ba ki ce tana da kyau ba."

"Tana da kyau. A nan za ka rataye ta?"

"Wa zai bar baƙo ya riƙe bindiga a nan? A gida za a ajiye ta, a ɗakina. Kowa ya gani."

Na'ima ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Kowa, ko Dogara?"

Dogara shi ne ƙanensa, autan Inna, manomi a ƙauye. Gidansu gidan mafarauta ne, kuma al'adarsu ita ce ranar sadakar arba'in matar mamaci ta ɗauki bindigar mijinta ta sa a hannun ɗan da zai gaje shi. Daga ranar, duk abin da ya harbo, hantar ta uwa ce. Za ta ci, ta yi masa addu'a Allah ya tsare hannunsa. Lokacin da mahaifinsu ya rasu Suraj bai samu hutu ba. Dogara ne a tsaye a gabanta, kuma shi ne ke kwana a gona yana fama da birai. Ta sa masa adakar a hannu.

Akwai kuma wani abin da ya girmi bindigar. Suraj ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana yaro "kai" ne, ko "wancan". Da ya haihu ya samu ƙarin girma, ya zama Baban Fatsuma. Ana cewa kunyar ɗan fari ado ce ga uwa. Wataƙila. Sai dai ba a taɓa tambayar yaron da ya tashi yana jin ana kiran sunan kowa ban da nasa yadda adon yake sauka a kunnensa ba.

Ƙaramar wayar Inna ba ta aiki a Doha, sai ta wayar Suraj take gaisawa da gida, shi kuma a bayyane yake sa muryar, ya zauna kusa.

"Auta! Dogara na! Kana cin abinci kuwa? Ya awakina?"

Fuskarta takan sake gaba ɗaya, har ta riƙa dukan cinya. Suraj yakan dubi fuskar nan kamar mai kallon abinci ta gilashin kanti.

"Inna, caji ya kusa ƙarewa."

Aka buɗe filayen jirgi. Inna ta jawo jakarta tsakiyar ɗaki.

"Yanzu duk wanda ya sauka sai an killace shi," in ji Suraj. "Da shekarunki? A bari a sassauta."

Aka sassauta. Ya ce sai ta yi allurar rigakafi. Ta yi. Ya ce akwai ta biyu. Ta miƙa ɗaya hannun. Da ta biyun ta cika, ya ce hanyar Ningi ba lafiya, ɓarayin daji sun yi yawa, wane ɗa ne zai tura uwarsa cikin wannan? A tsakani ya yi mata takardar zama, ya zama shi ne kafil ɗinta, mai tsaya mata a wurin hukuma. Fasfonta ya shiga durowarsa don kada ya ɓace.

A lokacin ba a shiga kanti ko asibiti sai wata manhaja a waya ta nuna kore. Inna ba ta da wayar da za ta ɗauki manhajar. Duk inda za ta, sai da shi. Shi kuwa tun safe yana Lusail, ana ta gaggawar gama gine-gine kafin gasar ƙwallon duniya.

Sai ta zauna. Sanyin na'ura ya shiga gwiwoyinta, idan aka kashe kuma ɗakin ya zama tanda. Ƙafafunta suka kumbura. Ta samu 'ya'yan yakuwa a ƙasan jakarta, ta shuka a gwangwanin madara ta ɗora a taga. Suka fito, rana ta ƙone su. Ta sake shukawa, suka sake ƙonewa, har irin ya ƙare. Yayarta ta rasu a ƙauye, ta karɓi gaisuwa ta waya, Suraj na riƙe da wayar.

Shi kuma yana nan da bindigarsa, bai saya ba, bai bari ba. Idan ya dawo aiki, kafin ya cire takalmi ya buɗe hotunan. Ya sa dillalin ya haska tocila a cikin bututun, a ga ko tsatsa ta ci. Ya gano wata tsaga a jikin katakon, ya yi mako yana tambayar mutane ko irin wannan tsagar tana tafiya. An ce masa harsashinta wuyar samu ne da shi, kuma maganar lasisi ba ƙaramar tafiya ba ce. Sai ya ce ya fasa. Kwana biyu Dogara ya turo hoton gada da ya harbo, mutanen ƙauye sun kewaye shi suna dariya, sai Suraj ya sake kiran Jos.

"Alhaji, tana nan dai ko? A riƙe min."

"Baban Fatsuma," in ji Na'ima, "kai da ko kazar suna sai da ka kira mahauci, me za ka harba?"

"Ba maganar harbi ba ce."

"To maganar me ce?"

Ya koma kan hotunansa. Ita ma ba ta matsa ba. Na'ima mai baki ce, amma ta fara karatun digiri na biyu, kuma Fatsuma a bayan kakarta take yini. Idan Inna ta kama ta a kicin ta ce, "'Yar nan, ki sa baki mana," sai ta ce, "Inna, kin san halinsa. Bari in gama jarrabawa, wallahi zan yi masa magana." Jarrabawar ba ta taɓa zama ta ƙarshe ba.

Mutum ɗaya ce ke hawowa don Inna. Awawu, 'yar zangon Kumasi, mai girki a wani gidan abinci a unguwar Najma, tana haya a ƙasa. Ranar hutunta takan zo da ɗan kwano, ta zauna a tabarma ta matsa wa Inna ƙafa.

"Mma, ƙafar nan ta fi ta wancan mako."

"Zama ne. An yi ruwa a wajenku?"

"Mma, nan fa ba a ruwa."

"A'a, can nake nufi. Idan an yi a wajenku, mu ma ya kusa."

Wata ranar Awawu ta tare Suraj a bakin matakala.

"Injiniya, sannu da aiki. Yaushe Mma za ta gida?"

"Nan ba gida ba ne? Ga asibiti, ga ruwa a famfo, ga nama kullum. Can me za ta tarar? Ɗakin laka da sauro."

"Ta ce sauron take so."

"Tsofaffi ba su san abin da ya fi musu ba."

"Ni ma ina da kafil, Injiniya. Ba ɗana ba ne, ko Hausa ba ya ji, amma yana ba ni hutu in je in ga uwata."

"Awawu, wannan maganar gida ce."

"To. Yalla, maza hau. Gidan na jiranka."

Gasar ƙwallo ta zo, garin ya cika har ya tumbatsa. Abokan karatun Suraj uku suka sauka daga Najeriya, masauki ya yi tsada, suka ce gara su biya ɗan'uwansu. Aka ba su ɗakin Inna. Ita aka shimfiɗa mata katifa a lungun da injin wanki yake, inda sai ta naɗe ƙafa ƙofar ke rufuwa.

"Wata guda ne kawai, Inna. Baƙi ne."

Da safe baƙin kan zo su durƙusa a bakin lungun, kowa da rigar ƙwallo.

"Hajiya, kin more ɗa! Mu namu iyayen ko Abuja ba mu kai su ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, tana janye ƙafa don su wuce banɗaki.

A tsakiyar gasar dillalin ya kira. Wani ya taya, da kuɗinsa a hannu. Ko a biya cikin makon nan, ko ta tafi. Suraj ya daina cin abinci sosai. Ya kwanta da hoton tsagar, ya tashi da shi. Na'ima, da ta gama jarrabawa a ƙarshe, ta ce abin da baƙin suka biya zai yi ɗaya daga cikin biyu, ko bindiga ko tikitin Inna. Ya ce bai tambaye ta ba.

Ranar da la'asar baƙin sun tafi filin wasa, unguwar ta cika da ƙarar motoci da tutoci. Inna ta dafa bango ta fito falo. Ba ta saba fitowa idan yana zaune ba.

"Baban Fatsuma."

"Na'am, Inna."

"Idan adakar ta zama taka, za ka bar wannan ta Turawan?"

Ya ɗago kai a hankali. "Me zan yi da ita in ina da ta Baba?"

"Ni kuma in tafi?"

"Khalas, shi ke nan. Sai ki tafi."

"To na ba ka."

"Ba ni za ki gaya wa ba." Ya matso da wayar kusa da bakinta, ya danna wurin ɗaukar murya. "Ki gaya masa. Ki faɗi wanda kika ba."

Inna ta gyara mayafi. "Auta, ni ce. Bindigar babanku, na karɓa daga hannunka, na ba yayanka."

Suraj ya ɗaga yatsa, ya goge saƙon. "Yayan nasa ba shi da suna?"

"Ya san ka."

"Ni ma na san ni. Ki faɗa."

Na'ima tana tsaye a ƙofar kicin. Inna ta dubi ƙasa. Leɓunanta suka motsa babu murya, kamar mai gwada ruwan zafi da yatsa. Ya sake dannawa.

"Auta, bindigar babanku, na ba... Na ba Suraju."

Ta ja mayafin ta rufe bakinta da hancinta, ta tsaya a haka kamar wadda aka tuɓe a kasuwa. Shi kuwa ya saurari saƙon kafin ya tura. Ya sake saurara. Idanunsa suka kawo ruwa, ya juya baya.

Amsar ba ta daɗe ba. Muryar Dogara ta fito tare da ƙarar sussukar dawa da kukan zakara, yana dariya.

"Haba Yaya, wannan ne kawai? Ai da ka faɗa tun tuni! Yanzun nan zan shafe ta da mai, in naɗe ta a buhu, in sa a ɗakinka in kulle. Birai kuma ni da su, akwai majajjawa. Yaushe jirgin Inna? Ka gaya mata na yaɓe ɗakinta, jar akuyar nan ta haifi biyu, ban sa musu suna ba sai ta zo."

Daga bayan mayafin wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Inna. Rabon gidan da jin dariyarta tun kafin yakuwar ta ƙone.

Suraj ya juyo ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta.

"Ko gardama bai yi ba," in ji shi.

"Ai yayansa ne kai."

"A'a. Ya samu abin da ya fi ta." Ya ajiye wayar a kan tebur. "Tun da aka haife ni ba ki kira ni ba. Yau kin kira, don ki tafi wurinsa."

"Kai ka ce in faɗa."

"Na ce. Da ma kin ƙi."

Ba a sake maganar tikiti a ranar ba. Inna dai ta kira Awawu ta taya ta ɗaure jaka, ta ba ta zani ɗaya na sallama, ta roƙe ta ta yafe mata duk abin da ta yi mata.

Washegari Suraj ya dawo da wuri da ledar babban kanti. A ciki hanta ce a farin faranti na roba, an lulluɓe ta da leda, da takardar farashi manne a kai, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Da kansa ya shiga kicin ya soya, abin da bai taɓa yi ba. Ya kawo lungun injin wanki, ya durƙusa, ya ajiye a gabanta.

"Bindiga a hannuna take yanzu. Ga hantarki."

Inna ta dubi kwanon. "Wa ya harbo?"

"Inna, hanta hanta ce. Ki ci, ki yi min addu'ar da kike yi masa."

Ya tara hannu biyu yana jira. Da furfura a gemunsa, amma a durƙushen nan yaro ne da ya tsaya a bakin ƙofa ana raba wa wasu.

Inna ta dube shi. Sannan ta tura kwanon a hankali zuwa gabansa.

"Wannan addu'ar a bakin zauren babanku ake yin ta, ƙafata a kan ƙasa. Haka na tarar, haka aka yi wa ubanka, haka na yi wa ƙanenka. Ka kai ni, in yi maka. Har sunan zan faɗa, a gaban mutane."

"A nan fa?"

"A nan ba ni da ƙasa."

"In na kai ki, ba za ki dawo ba."

"Ba zan dawo ba."

"Sai ya zama kullum yana ganinki, ni kuma sai a waya."

"Kai ka zaɓi nisa, Baban Fatsuma. Ci hantarka. Kai ne mai yunwa."

Ya miƙe. Bai ɗauki kwanon ba. Daga falo suka ji muryarsa sarai, Inna da Na'ima.

"Alhaji, ni ne daga Doha. Kada ka ba shi. Na saya. Eh, da tsagar. A kai ta ƙauye, a sa a ɗakina."

Gasar ta ƙare, baƙin suka tafi suna sa albarka, aka mayar da Inna ɗakinta. Sabon uzurin shi ne ƙafar. Likita ya ce a kula da ita, kuma wa zai kula da ita a ƙauye? Ba a ambaci abin da ya kumbura ƙafar ba.

Yanzu a ƙasar Ningi akwai ɗaki guda a kulle da bindiga biyu a ciki, ta uba da ta dillali, suna tsatsa tare. Mai su bai taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Dogara na korar birai da majajjawa, sun cinye masa gefen gona. 'Ya'yan jar akuyar sun girma babu suna.

A Bin Omran kuwa har yau ana nuna Suraj ranar Juma'a. Mutane suna son labarin ɗan da ya ɗauke uwarsa daga wahala, domin labarin ba ya bukatar a hau matakala. Da sun hau, da sun ga cewa ana iya tsare mutum da nama da asibiti kamar yadda ake tsare shi da kwaɗo, kuma wanda ya tsare ka don yana son ka ya fi wuyar roƙo, don shi a ganinsa shi aka zalunta.

Awawu ce kaɗai ke hawa. Kullum takan tarar da jakar a ɗaure a bayan ƙofa, Inna na zaune a tabarma da mayafinta a kai, takalman da suka daina shigarta a jere a gabanta.

"Mma, ina za ki?"

"Ya ce in ƙafar ta sabe."